Tsire a Farin Faranti: Yadda Ta Kaya Tsakanin Wani Mai Siriyya da Sabon Gidan Abinci a Jidda

A arewacin Jidda, can wajen bakin teku inda hayar shago ta fi ƙarfin mai ƙaramin jari, an buɗe wani gidan abinci na manya. Sunan da ke jikin ƙofa na wani shahararren kuku ne Bature, wanda ya yi suna a ƙasarsu da girkin wuta: nama da kifi da kayan lambu, duk a kan garwashi. Kuɗin kuwa na wani kamfanin Saudiyya ne. Ba zan ambaci sunan gidan ba, don mutanen da maganar ta shafa har yau a nan suke neman abincinsu. Abin da ya sa gidan ya shiga bakin Hausawan Jidda abu ɗaya ne a jerin abincinsa, wato tsire, wanda mutanen Makka da Jidda ke kira siriyya. Tsinke biyu a kan farin faranti, da 'yar albasa da aka jiƙa a ruwan tsami, da ɗan yaji a gefe. Mai gasa shi Bahaushe ne haifaffen Makka, wanda zan kira Kawu, kamar yadda yaran unguwarsu suke kiransa.

Irin waɗannan gidaje ba daga sama suka faɗo ba. Tun da Saudiyya ta ƙaddamar da shirinta na sauya tattalin arziki zuwa 2030 a watan Afrilun 2016, hukuma ta ɗauki cin abinci a waje a matsayin harkar tattalin arziki. A Satumban 2019 aka fara ba da bizar yawon buɗe ido, a Disamban shekarar kuma aka janye dokar da ta tilasta wa gidajen abinci yin ƙofa biyu, ta masu iyali da ta maza zalla. A 2020 aka kafa Hukumar Fasahar Girki a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu, aka ba Mayada Badr shugabancinta. Sai manyan sunaye suka fara shigowa. Jason Atherton ya buɗe Maraya Social a 2021 a saman ginin madubin nan na Al'ula. A ƙarshen 2022 aka buɗe Bujairi Terrace a Dir'iyya da gidaje irin su Hakkasan da Long Chim. Wolfgang Puck ya kawo Spago cikin Via Riyadh a 2023, Daniel Boulud ya sauka a otal ɗin Four Seasons na Riyad, a 2025 kuma Michelin, mai ba manyan gidajen abinci taurarin yabo, ta sanar da shigowarta ƙasar.

Galibi yadda ake yi shi ne, shef, wato shahararren kukun, ya ba da sunansa da tsarin girkinsa, ya horar da ma'aikata, ya riƙa leƙowa lokaci-lokaci. Kamfanin gida shi ke biyan haya da albashi, ya kuma biya shef ladan sunan. Wanda ke tsaye a kicin kullum wani mataimaki ne da shef ya turo. Haka abin yake a gidan da muke magana.

Sai dai baƙon kuku ba ya zuwa da abincin ƙasarsu kaɗai yanzu. 'Yan ƙasa sun fara son ganin nasu a kan tebur, musamman tun da hukumar girkin ta ayyana jarish, wani faten alkama, a matsayin abincin ƙasa a Janairun 2023. Shef ɗin ya nemi a nuna masa abin da mutanen Hijaz suke gasawa a kan wuta. Kowa ya tambaya sai ya ce masa siriyya, kuma ta gaske tana Shara Mansur a Makka. Shi kuwa ba Musulmi ba ne, ba shi da halin shiga Makka. Dole aka nemo masa mai siriyya a Jidda.

Wane ne Kawu

Kakansa ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, kamar dubban alhazan da, ya bi ta Chadi da Sudan yana tafe yana aiki, ya ƙetare teku daga Sawakin. Mahaifinsa mahauci ne a Makka. A nan aka haifi Kawu, Larabcinsa na Hijaz ne tsantsa, amma haihuwa a Saudiyya ba ta ba mutum zama ɗan ƙasa, ta wajen uba ake gado. Don haka shi da igama yake zaune, wato takardar izinin zama ta baƙi. Yayarsa kuwa ta auri Bahaushe mai takardar ƙasa, irin waɗanda sunansu ke ƙarewa da Hausawi, saboda haka 'ya'yanta 'yan ƙasa ne. Ciki ɗaya, takarda biyu. Wannan bambancin shi ne zai yi aiki daga baya.

Shekaru masu yawa Kawu yana da ɗan shago a kudancin Jidda. A takarda shagon na mijin Yaya ne, shi ma'aikaci. Da hukuma ta fara rusau a tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021 zuwa 2022, aka kwashe unguwanni irin su Sabil, Karantina, Gulail, Petromin da Kandara, shagon ya tafi, masu saye kuma suka watse, wasu Makka, wasu gabashin gari, wasu gida gaba ɗaya. Ya koma gashin biki da na masu hayar istiraha, wato gidan shaƙatawa, a ƙarshen mako. Ana ci, ba a ƙoshi, ga kuma fargaba, don doka ba ta yarda mai igama ya yi aikin kansa ba. Ga kuɗin iyali da ake biya wa kowane mutum ɗaya riyal 400 a wata tun Yulin 2020. Mace ɗaya da 'ya'ya uku, riyal 1,600 ke nan kowane wata kafin a yi maganar haya ko tukunya.

Wani Basudane da ke sashen sayayya na sabon gidan, wanda ya saba cin naman Kawu don yana tuna masa da agashe, tsiren da ake yi a garinsu Omdurman, shi ya haɗa su. Aka shirya gashi a wata istiraha. Waɗanda suka je sun ce shef bai zauna ba, tsayawa ya yi yana kallon hannu. Kawu yana yanka jan nama falle-falle, ya bi jijiya ya zare, ya soke a tsinke yana miƙar da shi da babban yatsa. Ya tsoma a garin ƙuli da yaji, ya danna da tafin hannu har ya kama, ya yayyafa man gyaɗa. Bai ɗora a kan wuta ba. Kafa tsinkunan ya yi a tsaye kewaye da garwashi, yadda ake yi a tukuba, zafi na dukansu daga gefe, kitse na ɗiga ƙasa ba cikin wuta ba, don haka babu harshen wuta da zai ƙona ƙulin. Yana juya su ɗaya bayan ɗaya yana hira, bai duba agogo ko sau ɗaya ba. Kafin a tashi an yi masa tayin aiki.

Tayin ba na rainin hankali ba ne. Za a mayar da igamarsa kan kamfanin ta manhajar Qiwa ta ma'aikatar ƙwadago, kamfani ya ɗauki kuɗin izinin aiki, wanda ke kaiwa riyal 800 a wata idan baƙi sun fi 'yan ƙasa yawa a ma'aikata, wato 9,600 a shekara. Ga inshorar lafiya, ga kuɗin gida, albashi ta banki, hutun kwana ɗaya a mako, da gwajin kwana 90 kamar yadda doka ta tanada a lokacin.

Yaya ba ta so ba. "Kai da ka gaji tukuba, yanzu za ka koma yaron wani, ana kiranka da ƙararrawa?" Kawu ya ce, "Yaya, tukubar tana ina?" Mijinta ya goyi bayan a karɓa, don rajistar shagon da babu shi ba za ta riƙe igamar mutum har abada ba. Aka yi addu'a, ya danna amincewa a waya.

Cikin kicin

Abu na farko da ya rasa shi ne tukubar kanta. Ba a tara toka a kicin irin wannan. Aka ƙera masa wani ƙarfe mai zagaye da ramukan kafa tsinke, a ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi, yadda jami'an kashe gobara za su yarda. Gawayi na waje ne, don an hana sayar da itace da gawayin cikin ƙasa saboda kare bishiyoyi irin su samur. Ya yi katin lafiya na baladiyya, wato hukumar birni. Ya koyi cewa katakon yankan nama launinsa daban, na kifi daban, kowace roba a firji da takardar kwanan wata a jikinta, kuma ana soka wa nama ma'aunin zafi. Oda da Turanci ake kiranta, kicin gaba ɗaya ya amsa da murya ɗaya: 'yan Filifin, Indiyawa, 'yan Nefal, Misrawa, da samarin Saudiyya maza da mata da dokar ɗaukar 'yan ƙasa ta shigo da su.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne yadda ake tsoron gyaɗa. An ware masa kusurwa, da wuƙaƙensa da tsummansa, ba a haɗa su da na kowa. Hukumar Abinci da Magunguna ta wajabta a bayyana wa mai ci abubuwan da ke tayar da borin jini, gyaɗa kuma tana sahun gaba, don akwai wanda ɗan ƙanƙanin abu zai toshe masa numfashi. Kawu ya ce shi duk shekarunsa bai taɓa ganin wanda ƙuli ya kayar ba. Mataimakin shef ya ce shi ya gani. Nan maganar ta tsaya, Kawu ya bi ƙa'ida.

A cikin makonnin farko ne aka kawo sikeli. Mataimakin ya ajiye ɗan ƙaramin ma'auni na lantarki a gabansa, ya ce duk abin da zai ɗiba ya fara ɗorawa a kai. Kawu da hannu yake awo, kamar kowane mai nama. Ya cika tafi da garin ƙuli, aka rubuta. Ya ɗebi citta da yatsu uku, aka rubuta. Barkono, masoro, kanumfari, kimba, gishiri, duk aka bi su. Aka maimaita kwana da kwanaki, aka ɗauki tsaka-tsaki, aka buga takarda ɗaya mai giram-giram, aka sa mata leda aka manna a bango. Kawu ya ji daɗi ƙwarai. Ya ɗauki hotonta ya tura a zauren iyali na WhatsApp, ya ce ga yajin Baba ya shiga kwamfuta.

Ba na ganin wannan a matsayin sata, kuma duk wanda ya ce sata ce bai san yadda irin wannan kicin ke tafiya ba. Tun 2019 dole ne a rubuta adadin kalori a gaban kowane abinci, ba kuwa yadda za a lissafa shi da tafin hannu. Akanta yana son sanin nawa kowane faranti ya ci. Wanda ya biya kuɗi mai yawa ranar Talata yana son ya dawo ranar Juma'a ya tarar da ɗanɗano bai canja ba, ko da Kawu yana hutu. Kowane abinci a gidan haka aka yi masa, har na shef ɗin kansa. Amma duk da haka a ranar ce abin da ke hannun mutum ɗaya ya koma hannun kamfani, kuma babu wanda ya ce masa, tsaya, ciniki ne muke yi. Shi yana ganin ƙarfinsa ya sayar, su kuwa sun san har da saninsa suka saya.

'Yar Yaya, wadda ta karanta harkar kasuwanci a jami'a, ita ce ta ga hoton ta nemi a turo mata kwantiragin gaba ɗaya har da shafukan ƙari. Da daddare ta same shi.

"Kawu, ka san abin da ka amince da shi?"

"Aiki na amince da shi, 'yar nan."

"Aiki da yajin Kaka. Duba nan."

Sharaɗi biyu ta nuna masa. Na farko ya ce duk wani haɗi ko tsarin girki da aka rubuta ko aka inganta a kicin ɗin mallakar kamfani ne, kuma sirri ne. Na biyu ya ce idan ya bar aiki, ba zai yi sana'ar gasa nama a Jidda ba har shekara biyu. Kawu yana karanta Larabci sarai, kuma a doka rubutun Larabcin ne abin dogaro idan an rubuta kwantiragi da harshe biyu. Bai dai karanta ba ne. Ya duba albashi, ya duba kuɗin gida, ya wuce.

Sashe na 83 na dokar ƙwadago ya ba mai kamfani damar sa irin wannan sharaɗi, amma da iyaka: a rubuce, a fayyace lokaci da wuri da irin aikin, kar ya wuce shekara biyu, kuma ya zama aikin na sa ma'aikaci ya san abokan cinikin gidan. Wani lauya da suka tuntuɓa ya ce da wuya kotu ta hana mai tsire yin tsire a unguwa saboda gidan da faranti ɗaya ya fi kuɗin cinikin tsinke goma. Sai dai ya ƙara da abin da kowa ya sani: ba a son shari'a da wanda igamarka take hannunsa. Sauye-sauyen da aka yi wa ƙa'idojin aikin baƙi a Maris 2021 sun sauƙaƙa canjin wurin aiki, gaskiya ne, amma mai 'ya'ya a makaranta ba ya wasa da ranar sabunta takarda. Aka yi shiru, aka jira.

Ƙuli-ƙuli

Abin da ya juya lamarin ba lauya ba ne. Layi na farko a takardar bangon yana cewa garin ƙuli-ƙuli giram kaza. Bai faɗi inda ake samunsa ba. Tun farko Kawu ne ke zuwa da shi a jaka daga gidan Yaya, yana karɓar 'yan kuɗinsa a hannun Basudanen nan. Ranar da masu binciken tsafta na kamfanin suka zo suka ga leda ba suna, ba kwanan wata, ba rasit, suka ce a fitar da ita nan take. Aka ce sashen sayayya ya nemo madadinsa a kasuwa.

Suka fara da niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kwalba, irin wadda Sudanawa ke sa wa salak. Mai ya yi yawa, ta narke ta zube. Suka gasa gyaɗa suka niƙa da kansu, ta cure a jikin nama, ta ƙone ta yi ɗaci kafin ciki ya nuna. Suka yi odar garin gyaɗa da aka tsotse wa mai a masana'anta. Wannan ya kama nama, bai ƙone ba, amma salam yake, ba ƙamshi.

Duk wadda ta taɓa yin ƙuli ta san dalili. Ana soya gyaɗa, a murje ɓawon, a fece, a niƙa. Sai a riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya taso, a kwashe, a matse tunkuza da hannu sai ta daina tsatsafo. A mulmula, a jefa cikin man da ya fito daga jikinta, a soya har ta yi ja ta bushe ƙamas, sannan a daka a tankaɗe. Wuta biyu ke nan ta sha kafin ta ga nama, kuma ragowar man da ke cikinta daidai yake da abin da zai sa ta kama ba tare da ta ƙone ba. Yawan ruwan da za a zuba ya danganta da gyaɗar, sabuwa ce ko ta kwana biyu, ta Sudan ce ko ta Indiya. Yaya da ido da tafin hannu take ganewa. Wannan ba ya cikin takardar kowa.

Masu zuwa a kai a kai suka fara cewa tsiren ya canja. Da shef ya zo zagayensa, ya ɗanɗana tsinke ɗaya ya tambayi me aka taɓa. Aka gaya masa. Ya ce a dawo da na da, ko ta wace hanya doka ta yarda.

Nan takardar ƙasa ta yi rana. Yaya ba ta da halin yin rajista da sunanta, Kawu ma haka, amma 'yar tana da shi. Ta fara da lasisin da ake ba iyalai masu sana'ar gida, daga baya ta yi rajistar kasuwanci. Ta sa aka buga takardar manne mai ranar yi da ranar lalacewa da gargaɗin gyaɗa. Da mai sayayya ya nemi lambar harajin kaya, ta nuna masa cewa rajistarsa ba ta zama dole sai cinikin shekara ya kai riyal 375,000, su kuwa ko kusa ba su je ba. Abin da ya fi ba su wahala shi ne awon ɗakin gwaje-gwaje. Gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba tana yin fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Kamfanin ya ce sai an auna kowane zubi. Yaya ta ɗauki abin a matsayin zagi, ta ce ita tsintar gyaɗarta take yi ƙwaya-ƙwaya. 'Yar ta ce, "Umma, ba ke ake zargi ba, buhun ake zargi." Gaskiyarta kuwa, don tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 gyaɗar da suka saba da ita ba kullum ake samunta ba, sai a sayi wadda aka tarar.

Da lokacin sabunta kwantiragi ya zo, 'yar ce ta raka kawunta ofis, wannan karon da abin riƙewa a hannu. An rage sharaɗin hana aiki ya koma shekara ɗaya, kuma ya tsaya kan manyan gidajen abinci kawai. An rubuta ƙarara cewa iyalin suna da 'yancin ci gaba da yin yajinsu da sayar da shi. An yi wa Kawu ƙarin albashi, ba mai yawa ba, aka kuma naɗa shi shugaban sashen gashi. Ta nemi a riƙa ba shi wani abu a kan kowane faranti, aka ce gidan ba ya yin haka da kowa. Ta nemi a sa sunan gidansu a jerin abinci, aka ce yarjejeniyarsu da shef ta hana a ƙara ko kalma ɗaya sai da izininsa, kuma ba a nema ba. Takardar bango kuwa tana nan, ta kamfani ce.

Maganar kuɗi

A majalisun Hausawa an fi tsayawa kan farashi. Tsinke biyu, kuɗin kaza? Ai wannan fashi ne da rana. Lissafin bai kai haka sauƙi ba. A ce, don misali, an rubuta riyal 115. Riyal 15 na haraji ne, don tun Yulin 2020 harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, kuma a cikin farashin ake haɗa shi. A sauran 100 ɗin, masu wannan sana'a suna son kayan girki su tsaya wajen kashi ɗaya cikin uku. Ragowar ta haya ce da albashi da kuɗin izinin baƙi da wutar sanyaya wuri da ladan sunan shef. Kicin irin wannan yana cin ma'aikata da yawa, wani ma aikinsa kawai ya goge bakin faranti kafin ya fita. Sannan a Turai giya ce ke ɗauke wa irin waɗannan gidaje babban kaso na nauyi, a Saudiyya kuwa an haramta ta tun 1952, don haka dole ribar ta fito daga abinci da abin sha na halal. Shi ya sa za ka ga zoɓo da tsamiya a dogon kofin gilashi, da farashin da zai sa mai zoɓon unguwa ta riƙe baki.

To amma a nan ne tsire ya zama abin so ga akanta. Naman da ke kan tsinke biyu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da tsokar saniyar Ostareliya ko kifin da aka ɗauko a jirgin sama. Kayansa araha, labarinsa mai daɗin faɗi, kuma kusan kowane tebur sai ya yi odarsa. A ganina ƙarin da aka yi wa Kawu bai kai darajar abin da ya kawo ba. Sai dai ranar da ya kamata a yi wannan cinikin ta wuce, ita ce ranar da aka ajiye sikeli, lokacin da babu wanda ya san awon sai shi.

Ra'ayin jama'a ya rabu. Dattawa suna dariya, suna cewa wanda ya san hanyar Shara Mansur me zai kai shi can. Matasan Hausawi kuwa, waɗanda suka tashi suna jin ana yi musu gori da launin fata da abincin gidansu, da yawa sun je sau ɗaya, sun ɗauki hoto, sun leƙa ta gilashin kicin sun gaishe da Kawu da Hausa. Ba na raina wannan. Amma hoto ba ya biyan kuɗin igama.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga kwantiragi ba. Mutanen Jidda da dare suke cin abinci, don haka Kawu ba ya komawa gida sai tsakar dare ta gota. Doka ta ce awa 8 a rana, 6 a watan azumi ga Musulmi, abin da ya haura a biya da ƙarin rabi, kuma ana biyansa, sai dai ƙafa ba ta san lissafi ba. A shagonsa na da yana zaune ne, yana ba da bashi, yana yi wa yaro gyara da ɗan kitse, yana jin wanda ya zo daga gida da wanda ya rasu. Babban abin shi ne ɗansa na fari, wanda ya fara iya riƙe wuƙa kafin rusau. Yanzu ba shi da inda zai tsaya kusa da ubansa, don ba a shiga kicin sai da katin lafiya da sunanka a rajistar ma'aikata. Waɗanda ke koyon gashin Kawu a yau wani saurayi ne ɗan Nefal da wata budurwa 'yar Ta'if, kuma ya ce ita ɗin hannunta yana da kyau.

Yanzu kamfanin yana shirin buɗe reshe a Riyad. Ba a ce Kawu ya koma can ba, yaran da ya koya wa ne za su je da kofin takardar. Ƙuli ne dai har yanzu babu madadinsa, kuma abin da ake buƙata ya ninka, ya fi ƙarfin turmi da kaskon Yaya. Shawarar kamfanin ita ce a mayar da aikin wata masana'anta mai lasisin hukumar abinci, Yaya ta je ta nuna musu, a auna ruwa da zafi da minti, a rubuta. Yaya ta ce ita ba ta ga abin ɓoyo a ƙuli ba, kowace mace a ƙauyen kakanta ta iya, kuma bayanta ya gaji. 'Yar ta ce ba za a sake kawo sikeli ba sai an fara zama an rubuta wa zai mallaki abin da aka auna, da sunan da zai hau kan leda, da shekara nawa kamfanin zai yi yana saye a hannunsu. Tana kuma neman bashi a Bankin Raya Al'umma don ta kama ƙaramin wuri ta sa injin matsa da sunanta. Kawu bai ce komai ba, shi ma'aikacin gidan ne, kowane ɓangare ya bi akwai abin da zai taɓa.

An sa ranar zama bayan aikin Hajji. Kafin nan kamfanin ya nemi a aika masa kilo 20 na gwaji zuwa Riyad, 'yar ta ce za a aika idan sun ɗauki kuɗin awo da na mota, har yanzu ba su ba da amsa ba.